Kububuwa a Aljihun Kwat: Ra'ayina Kan Gajerun Labaran Frederick Forsyth

 

Yau ba maganar farashin shanu ko kuɗin haya zan yi ba. Wani littafi ne na sake karantawa cikin 'yan kwanakin nan, ya hana ni sakat, na ce bari in kawo muku shi mu yi ta tare. Sunan littafin No Comebacks, wato a Hausance aikin da aka yi shi tsaf, ba abin da zai biyo baya. Frederick Forsyth, Baturen Ingila, shi ya rubuta shi, ya fito a 1982, kuma gajerun labarai guda 10 ne a ciki. Tun yanzu ina neman afuwa, domin zan tona ƙarshen wasu daga cikinsu. Ba yadda za a yi a auna irin waɗannan labarai ba tare da an taɓa wutsiyarsu ba.

Na sayi nawa ne tsoho a wajen masu baza littattafai a ƙasa a kasuwar Ogbete da ke nan Inugu, bangon ya cinye, wani ma ya yi lissafin bashi a shafin ƙarshe. Ranar da na kawo shi gida wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya karɓa ya duba sunan marubucin, ya miƙo mani ya ce, "Kai yaro, ka san wannan Baturen abokin Ojukwu ne?" Ban sani ba a lokacin. Mu dai a wancan zamani duk abin da ya zo hannu karantawa muke yi, daga James Hadley Chase zuwa littattafan Pacesetters. Amma maganar kawu ta zauna mani a rai, kuma zan dawo kanta a gaba.

Ga wanda bai san shi ba, an haifi Forsyth a 1938 a garin Ashford na Ingila. Ya yi tuƙin jirgin yaƙi tun yana saurayi, sannan ya koma aikin jarida a Reuters, daga nan BBC. Ita ce ta turo shi Nijeriya a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke. Suka saɓa kan yadda ake ba da labarin yaƙin, ya ajiye aikin, ya koma Biyafara da ƙashin kansa. Littafinsa na farko, The Biafra Story, a 1969 ya fito. Sai a 1971 ya fitar da The Day of the Jackal, labarin ɗan kisan haya da aka ɗauka ya harbe shugaban Faransa Charles de Gaulle, wanda ya sa duniya ta san shi. The Odessa File ya biyo a 1972, The Dogs of War a 1974. Ya rasu ranar 9 ga Yunin 2025 yana da shekara 86.

To, mutumin da ya saba da dogon zango, mai cika shafi ɗari huɗu da shirin kisa guda ɗaya, in aka ce ya gama zance a shafi talatin, yaya zai kaya? Wannan ita ce tambayar. Amsata kuwa ita ce: ya iya ɗana tarko fiye da kusan kowa, amma bai cika damuwa da wanda tarkon zai kama ba. Ƙarfin littafin da rauninsa duk daga tushe ɗaya suka tsiro.

Bari mu fara da ƙarfin. Abu na farko, mutumin nan ya san yadda ake yin abu. Ba ya ce maka wane ya ɗauki ɗan kisan haya ya wuce. A labarin farko, wanda littafin ya ci sunansa, wani attajirin Landan mai suna Mark Sanderson ya ƙyalla ido kan matar wani tsohon soja da ke zaune a Sifaniya. Matar ta ce ba za ta rabu da mijinta ba muddin yana raye. Sai attajirin ya yanke shawarar a kawar da mijin. Daga nan Forsyth ya bi da kai ɗaki-ɗaki: yadda ake neman irin waɗannan mutane ba tare da ka bar sawu ba, yadda ake haɗuwa, yadda ake raba kuɗi, yadda ake tsallakar da bindiga iyaka. Kana karantawa kana jin kamar tela ne ke nuna maka yadda ake yanka babbar riga. Wannan jinin aikin jarida ne, kuma shi ke sa ka yarda da shi ko da ƙarya yake shara maka.

Abu na biyu, tsimin magana. Ba ya tsayawa kwatanta faɗuwar rana. Duk abin da ya ajiye a farkon labari, ka tabbata zai dawo ya ɗauke shi a ƙarshe. A wancan labarin na attajiri, maharbin ya gama aikinsa, ya zo karɓar cikon kuɗi, sai ya ambata a fakaice cewa an yi ruwan sama ranar, wata mata ta shigo gidan ta gan shi, amma kada maigida ya damu, ita ma ya gama da ita. Shi ke nan, labari ya ƙare. Attajiri ya biya kuɗi an kashe masa abin da yake so. Mu da muka tashi da jin cewa in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere, ba mu buƙatar a yi mana fassara.

Abu na uku, wanda ya fi burge ni, shi ne yawancin jaruman littafin ba 'yan leƙen asiri ba ne, ba janar-janar ba ne. Ƙananan mutane ne da aka raina. A labarin Privilege, wata babbar jarida ta ɓata wa wani ɗan kasuwa suna, lauya ya gaya masa gaskiya cewa shigar da ƙara zai cinye duk abin da ya mallaka. Sai bawan Allah ya je ya karanta doka da kansa, ya gano cewa abin da mutum ya faɗa a gaban alƙali ba a iya ƙararsa a kai. Ya tafi ya naushi ɗan jaridar a hanci, aka gurfanar da shi, ya tsaya a kotu gaban sauran 'yan jarida ya wanke shi tas, ya biya 'yar tara ya yi tafiyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ofis da takarda a hannu ana ce masa je ka dawo gobe, zai ji daɗin wannan labari har cikin ƙashinsa. Haka A Careful Man, inda wani mai kuɗi da likita ya tabbatar masa kwanansa ya kusa ƙarewa ya shirya dukiyarsa yadda 'yan uwansa masu zaman jiran gado da masu karɓar haraji duk za su tashi a tutar babu. Haka Sharp Practice, inda wani alƙali ya yi karta a jirgin ƙasa da wani baƙauye da wani mai shigar limamin coci, kashegari baƙauyen ya bayyana a gabansa a kotu, ana tuhumarsa da damfara a karta. Wannan kam Gizo ne sak, sai dai ya sa kwat da hula. Kusan rabin labaran suna da alaƙa da ƙasar Ayalan, inda marubucin ya zauna wasu shekaru a cikin 1970, kuma ana jin ya san mutanen da barkwancinsu.

Yanzu sai raunin. Na farko, labarin da ya dogara kacokan kan wutsiyarsa, sau ɗaya ake cin moriyarsa. Kamar rake ne, in ka tsotse sai ka tofar. Da na dawo karatu na biyu bayan shekaru, fiye da rabin labaran ba su da sauran zaƙi, domin na riga na san inda tarkon yake. Har a karatun farko ma, in ka wuce labari uku ko huɗu ka gane hannunsa, sai ka fara hango ƙarshe tun daga tsakiya. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san ba limamin kirki da zai zauna karta da baƙo, alƙalin nan kaɗai ne bai sani ba.

Na biyu, mutanen ba su da ciki. Sanderson mai kuɗi ne mai son zuciya, shi ke nan. Ba ka san abin da ke hana shi barci ba. Mata kuwa abin ya fi muni. Ko dai kyakkyawa ce da ake son mallaka, ko mafaɗaciya da ake son kuɓuta daga hannunta. A labarin The Emperor, wani manajan banki ya je hutu tsibirin Moris, ya kwashe sa'o'i yana kokawa da wani ƙaton kifi a teku, ya ci galaba, ya sake shi, ya dawo tudu ya sallami aikinsa da matarsa a rana guda. Kokawar da kifin tana daga cikin wurare mafi kyau a littafin, ba ƙarya. Amma matar nan an zana ta ne kawai don mu tsane ta, mu tafa in an yar da ita. Shekara da shekaru suna tare, ba a ba ta ko layi ɗaya ta faɗi nata ba. Wanda ya taɓa zaman sulhun aure a gaban Sarkin Hausawa ya san ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya.

Na uku, ya cika jingina da katari. Ruwan sama ya sauko daidai lokacin da ake buƙata, mota ta lalace daidai inda ake so. A dogon littafi ana iya ɓoye irin wannan a cikin hayaniya, a gajeren labari kuwa ɗinkin a fili yake.

Na huɗu, kuma shi ne babba a wurina, ramuwa tana zuwa da arha. A Money with Menaces, wasu 'yan damfara sun ɗauki hoton wani ma'aikacin inshora mai sanyin hali a inda bai kamata a gan shi ba, suna neman kuɗi. Ashe tsohon sojan kwance bam ne. Ya haɗa musu ƙunshi, suka buɗe, suka tashi. Ya koma gida ya ci gaba da harkarsa kamar sauro ya kashe. Marubucin na tafa masa, yana so mu ma mu tafa. Na tafa ina ɗan shekara ashirin. Yanzu da furfura ta fara, hannuna ya yi nauyi.

Wannan ya kawo ni ga labarin da ya fi kowane, wanda saboda shi na ajiye littafin duk shekarun nan: There Are No Snakes in Ireland, wato babu macizai a Ayalan. Ya ci lambar Edgar ta gajeren labari a Amurka a 1983, kuma ya cancanta. Harkishan Ram Lal ɗalibin likitanci ne ɗan Indiya a Belfast. Kuɗin makaranta ya gaza, ya shiga aikin lebura lokacin hutu, ana rushe wata tsohuwar masana'antar giya. Shugaban leburorin, Big Billie Cameron, ƙato ne mai ƙin baƙi. Ba ya kiran yaron da sunansa, sai da launin fatarsa. Duk aikin da ya fi haɗari shi ake tura wa. Ranar da ya buɗe baki ya ce yana da suna, sai ya sha mari a gaban kowa, kuma ba wanda ya ce uffan.

Jama'a, wa zan yi wa bayanin wannan a cikinmu? Kalmar aboki kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma duk mun san yadda take sauya ɗanɗano a bakin wani, in ya ja ta ya haɗa da tsaki. Na taɓa tsayawa a layi a wani ofis, ina riƙe da takardun da suka fi na mai kiran layin, ya dube ni ya ce aboki ya koma baya, masu karatu ake fara sallama. Ban ce komai ba. Amma abin da na ƙulla a zuciyata a hanyar gida, Allah dai Ya yafe mana. Saboda haka da Ram Lal ya ranci kuɗi ya tafi Bombay ya sayo maciji, ban ga baƙon abu ba. Na gane shi.

Macijin kuwa ɗan gida ne. Ɗan uwan kububuwarmu ce, wadda wasu ke kira gobe da nisa, wadda ta addabi manoma a ƙasar Kaltungo har aka yi asibiti musamman don saran maciji a can. Ƙarama ce, ba ta kai tsawon hannu ba, in ta fusata sai ta riƙa goga jikinta tana ƙara, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. A nan ma na kama Forsyth da ɗan ƙari. Ya nuna kamar sararta ba a ko jin ta, mutum ya mutu cikin 'yan sa'o'i ba alama. Wanda ya taɓa ganin wanda kububuwa ta sara ya san akwai zafi, akwai kumburi, jini na fita ta dasashi, kuma sau da yawa ana ɗaukar kwanaki. Wato ko a fagen da ya fi ƙwarewa, in gaskiya ta tare wa tarko hanya, gaskiyar yake lanƙwasawa.

Amma dubi yadda ya tafiyar da sauran. Yaron ya saka macijiyar a aljihun kwat ɗin Cameron. Ba ta sare shi ba, ta zurare cikin shafin rigar, ya tafi da ita gida, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Nan hankalin Ram Lal ya tashi, domin bai yi niyyar kashe yara ba. Cameron ya ganta, ya ɗauka wani ƙadangare ne marar ƙafa, tunda kowa ya san babu macizai a ƙasar. Ya dawo da ita wurin aiki ya saka a cikin abincin yaron don a yi masa dariya. Ta tsere cikin ciyawa, daga baya ta sari Cameron, ya mutu, likitoci suka ce jini ne ya fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya zargi kowa. Ram Lal ya kwantar da ransa cewa sanyin ƙasar zai kashe ta, kuma ita kaɗai ce, ba ta da abokin haihuwa. Ashe da cikinta ta zo. Tamu ta nan ƙwai take yi, ta Indiya kuwa haihuwa take. Labarin ya rufe tana cikin rami tana zuba 'ya'ya.

Wannan wutsiya ta bambanta da sauran. Sauran suna rufe labari ne, ita kuwa buɗe shi take yi. Wanda ya zalunce ka ya tafi, amma abin da ka shigo da shi garin yana nan yana hayayyafa, kuma ba zai tambayi wanda zai sara ko yana wurin ranar da aka mare ka ba. A nan kaɗai marubucin ya ƙaryata sunan littafinsa da gaske. Mu da ke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin haka. Mutum ɗaya ya yi faɗa a tasha ya rama, ya hau mota ya gudu Arewa, gobe sai a wayi gari rumfar mai shayin da bai san hawa ba bai san sauka ba ta zama toka, sannan labari ya isa gida a fara neman wanda za a huce a kansa. Alhaki kwikwiyo ne, an ce mai shi yake bi, amma kafin ya kai ga mai shi ya ciji mutane da yawa a hanya.

Akwai labari na biyu da ya tsira daga hukuncina, shi ne Duty. Wasu ma'aurata 'yan Ayalan motarsu ta mutu a ƙauyen Faransa, suka kwana gidan wani manomi, tsohon sojan Birtaniya. Cikin hira ta fito cewa yana cikin waɗanda aka sa su harbe ɗaya daga jagororin boren Dublin na 1916, kuma ko sunan mutumin ya manta. A wurin baƙin nasa wannan jini ne da hawaye, a wurinsa aikin safiya ɗaya ne. Ba tarko, ba dabara, ba mai nasara. Mu da ke zaune a garin da tsofaffinsa suka ga 1967 zuwa 1970 da idonsu, wannan labari ba na nesa ba ne.

Sai mu koma kan maganar kawu. Gaskiya ya faɗa. Forsyth abokin Ojukwu ne, har ya rubuta tarihinsa mai suna Emeka a 1982, shekarar da wannan littafi ya fito. A 2015 kuma, cikin tarihin rayuwarsa The Outsider, ya bayyana da bakinsa cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya aiki fiye da shekara 20, tun daga zamanin Biyafara. Na karanta The Biafra Story daga baya, na ga hannun nan dai shi ne. Ya ga yunwar yara da idonsa ya faɗa wa duniya, kuma kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966 gaskiya ne, ba abin da za mu ƙaru da shi in mun musa. Amma mu a littafin kamar matar manajan bankin nan muke, an zana mu ne don a ji haushinmu. Ba za ka fito daga ciki ka fahimci abin da kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966 ya yi wa zukatan mutane ba, balle ka yi zaton garin nan na Inugu ya taɓa zaɓen Bafillace, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950. Mai ɗana tarko mutum biyu kawai yake buƙata, mai gaskiya da azzalumi. Na uku ɓata masa lissafi yake yi.

To a karanta ko kada a karanta? Ni dai na ce a karanta. Ƙin karanta mutum don ba ya ƙaunarka asara biyu ce. Matasanmu masu sha'awar rubutu, musamman, su zauna da wannan littafi su koyi yadda ake bincike kafin a ɗora alƙalami, da yadda ake rufe baki in zance ya ƙare, domin yawancin labaranmu a nan suke zubewa. Amma su ƙara da abin da shi ya rasa, su ba kowa bakinsa, har wanda ba su so. A cikin 10, biyu zan riƙe har abada, huɗu sun biya kuɗinsu, sauran kuwa na hanyar Inugu zuwa Kano ne, ka gama ka miƙa wa na kusa da kai.

Wanda kuma aka ɓata wa rai a kasuwa ko a ofis cikin makon nan, yana tafe yana ƙulle-ƙulle, don Allah ya nemi labarin macijiyar nan ya karanta kafin ya sa wa kowa komai a aljihu. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya mayar da kowa gida da alheri. Wanda ya karanta littafin yana da wani ra'ayi daban, ina saurare. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya yarda.